Matakala Ɗari da Tara

Daga titin bakin teku zuwa ƙofarmu a Valparaíso
matakala ɗari da tara ne.
Shekara talatin ina hawa da kwandon kifi a ƙugu,
ban taɓa ƙirgawa ba
sai ranar da aka sallamo ni daga asibiti.

Likita ya ce an ɗaga abin da ya zazzago,
an ɗaure, an ɗinke, aiki ya yi kyau.
Ya rubuta: kada ki ɗauki abin da ya fi butar shayi nauyi.
Mako shida, ban da kusantar miji.
Bai rubuta yadda zan yi da mako na bakwai ba.

Haihuwa huɗu, na ƙarshe da ƙarfe aka jawo shi.
Tun daga nan, in na yi tari jikina ya amsa,
in dariya ta taso a kasuwar kifi
sai in matse cinyoyi, in ba mutane baya.
Na sayar da dariyata don in wuni a bushe.
Yanzu ɗigon ya tsaya,
ita kuwa ba wanda ya gaya mata ta dawo gida.

Nibaldo ya koma kwana a bakin gado,
can ƙarshe, saura ƙiris ya faɗo.
Na ce a raina: ƙyama ce.
Ashe shi gani yake ni kofin tangaran ce da aka liƙe da gam,
hannunsa kuwa na kwance injin jirgin ruwa ne.
Wata uku muna yi wa juna kara,
karar tana cin mu
yadda iskar teku ke cin ƙarfen taga.

Ranar Laraba nake zuwa wurin Yasna mai gashin ƙashi.
Ɗaki ƙarami, tabarmar roba,
hoton ƙashin ƙugu a bango kamar kwano mai kunne biyu.
Ta ce: ja numfashi. Saki.
A'a, ban ce ki matse ba.
Kin shekara goma kina danne ƙofa da kafaɗa,
sakewa ce ba ki iya ba.
Sannan ta tambaye ni abin da ba wanda ya tambaya,
ko 'yata Rayén, ko Fada a coci:
Kina marmari?
Na kalli takalmina.
Na yi kuka har ta ce wa mai jiran layi ta dawo gobe.

Daren farko bai kai labari ba.
Zafi ya zo, na ce tsaya, ya tsaya.
Ya tashi ya ɗora ruwa.
Muka zauna da shayi muna kallon fitilun jiragen dakon kaya.
Ya ce: tsoro nake kada in farke ɗinkin.
Na ce: na ɗauka ka daina ganina.
Kwalbar man da Yasna ta ba ni tana tsakaninmu
kamar baƙon da aka rasa inda za a zaunar.
Ya ɗauka, ba tabarau, ya miƙar da hannu iya tsawonsa,
yana karanta rubutun jikinta da muryar mai labarun rediyo.
Sai dariya ta ƙwace mini,
daga can ƙasa, daidai inda aka yi aikin.
Na shafa zanin gado, don sabo.
A bushe.

Har yau akwai daren da jikina ke rufe ƙofa ba sallama,
da safiyar da nake tashi da dutse a ƙirji ba dalili.
Yasna ta rubuta mini lambar wata likitar damuwa.
Takardar na aljihun rigar sanyina,
ta yi laushi don taɓawa. Ban kira ba tukuna.

Rayén ke ɗaukar kwando yanzu.
Ni ina hawa a hankali,
a ta sittin in tsaya, inda karen maƙwabta ke barci,
in juya in kalli teku.
Jiya Nibaldo ya sauko ya tarye ni a nan.
Bai karɓi jakata ba.
Ƙuguna ya riƙe.